Ajimi Mai Jiran Kira

Ku matso nan inuwa ku gyara zama, in ba ku labarin Malam Ajimi mai buga kati. In kun taɓa zuwa ɗaurin aure a unguwar Dala ko Limanti a Maiduguri, da wuya a ce katin da aka miƙa muku bai bi ta hannunsa ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titin Dala, tsakanin Gambo mai ɗinkin hula da wata mai sayar da turaren wuta, shi ya sa duk takardar da ta fito daga wurinsa sai ka ji tana ƙamshi. Dogo ne siriri, furfura ta fara shiga gemunsa, Hausarsa kuma da ɗanɗanon Barbarci, yana jan magana a hankali kamar ba ya son ya sake ta.

A Limanti aka haife shi, a gidan malamai. A irin gidan nan akwai abin da ba a koya wa yaro da baki, gani yake yi ya ɗauka: mutumin kirki ba ya cewa "ni ne". Ranar da liman bai zo ba, mahaifin Ajimi, wanda ya fi kowa karatu a masallacin unguwa, shi ya fi kowa noƙewa, sai an kama hannun rigarsa an tura shi gaba. Aure ne, muƙami ne, ko rumfa a kasuwa, babba ake turawa ya nema maka. Da wannan Ajimi ya tashi, kuma bai taɓa ganin aibinsa ba.

Da ya gama difloma ya buɗe shago da tsohuwar kwamfuta ɗaya. Manhajar da yake tsara kati da ita ta bayan fage ce, kullum sai ta kulle masa aiki a tsakiya, ga ango tsaye a kansa. Ana haka wani ɗalibin jami'a mai suna Pindar, ɗan Biu, da yake zuwa buga takardunsa, ya gaji da ganin wannan wahala. Ya sa masa wata manhaja, ya ce wannan ba ta da mai ita. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta tare, kowa yana da damar ya yi aiki da ita, ya buɗe cikinta ya gani, in ya iya ma ya gyara. Ajimi ya tambaya wane ne sarkinsu. Pindar ya yi dariya ya ce ba su da shi. Ajimi ya ce ashe Turawa ma suna aikin gayya.

To, katin mutanen Maiduguri kun san shi. Sama a sa addu'a da Larabci, wani ya ce a rubuta sunan kakansa da ajami, ƙasa kuma boko. Manhajar nan ba ta saba da rubutun da ke tafiya daga dama ba, sai ta wargaza layin. Pindar ya nuna masa yadda ake kai ƙorafi wurin masu ginin. Daga kai ƙorafi Ajimi ya fara leƙa cikin, daga leƙe ya fara taɓawa. Ranar da aka karɓi gyaransa na farko, wuni ya yi yana murmushi, har mai turare ta tambaye shi ko haihuwa aka yi.

Shekarun tashin hankali suka zo, Pindar ya tafi Jos, daga can aiki ya ɗauke shi ƙasar waje. Ajimi bai je ko'ina ba. Har lokacin da garin ya daɗe babu wuta, yakan jira rana ta take, sola ta cika masa batir, ya sallami masu kati, sannan ya duba sashen nan na rubutun dama. Sannu a hankali kusan duk abin da ke cikin sashen ya zama aikin hannunsa.

Amma masu ginin nan kashi biyu ne. Akwai baƙi, waɗanda suke aiko gyara su jira a duba musu. Akwai kuma 'yan gida, masu riƙe da mabuɗi, su suke shigar da gyara da hannunsu, su ake tambaya kafin a yanke shawara. Pindar ya daɗe da zama ɗan gida. Ajimi kuwa baƙo ne, wani dattijo Baturke ne yake duba masa aiki ya shigar.

Abin da Ajimi yake so ke nan a duniya, ya zama ɗan gida. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da aka sanar an karɓi wani sabo, shi yake fara aika barka, sannan ya tura kujera baya ya zuba wa titi ido, keke-napep suna wucewa, shi ba ya ganinsu. Waɗansu da aka karɓa, yana nan suka zo, shi ya nuna musu hanya. Ba hassada yake yi ba. Yakan dai ce a ransa, wataƙila na gaba ni ne. Ya karanta a ƙa'idarsu cewa mai son zama ɗan gida shi yake nema da kansa, amma ya ɗauka maganar bisa takarda ce. A ganinsa dole akwai wani babba da yake fara raɗa wa mutum cewa lokaci ya yi. Kuma ga Pindar a ciki, ai ba zai manta da shi ba. Ya yi ta jira.

Ana nan sai Baturken ya rubuto cewa idonsa ya yi rauni, zai ajiye aiki. Bayan wannan aka fitar da sanarwa: a sabon zubin manhajar da za a saki, duk sashen da ba shi da ɗan gida mai riƙe da shi za a cire shi. Wa'adin ya faɗo bayan Babbar Sallah kaɗan. Wato in Ajimi bai zama ɗan gida kafin nan ba, aikin shekarunsa zai fita, katin Dala kuma ya koma wargajewa.

Ya kira Pindar a waya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi zafin gari, aka tuno waɗanda suka rasu. Sai da ya kewaya ya kewaya sannan ya ce, da ma yana tunanin ko Pindar zai shiga ya yi masa magana, kamar yadda kawu yake yi wa ɗa.



"Ya Ajimi," in ji Pindar, "shekara da shekaru ina jira ka nema in tsaya maka. Na ɗauka ɗawainiyar ce ba ka so."

"Kai fa ɗan Borno ne. Ka san ba a yin haka."

"Na sani. Su ne ba su sani ba. Ni kuma na zauna cikinsu har na manta."

Ya bayyana masa cewa ba wanda zai iya nema a madadinsa. Sai shi ya rubuta da kansa, a gaban kowa, sannan 'yan gida su mara masa baya.

Ajimi ya zauna ya rubuta. Ya yabi Baturken, ya yabi Pindar, ya yi wa duk 'yan gida godiya. Ya ce shi bai yi wani abin a zo a gani ba, akwai waɗanda suka fi shi cancanta nesa ba kusa ba, amma in an rasa kowa, to, ga shi nan. Amsa ta zo cikin ladabi. Suka ce sun ji daɗin saƙonsa, sai dai ba su gane ba: nema yake yi, ko wani yake ba da shawara a ɗauka? In nema ne, ya faɗi abin da ya yi, kuma ya faɗa a fili cewa yana so.

Ranar ya koma gida cin abincin rana, ya tasa kwanon burabusko a gaba bai taɓa ba. Matarsa Mu'mina, malamar firamare ce mai baki, ta matsa masa har ya karanta mata abin da ya aika da amsar da aka ba shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wato ka je neman aure, ka zauna kana yabon sauran samarin."

Bai yi dariya ba. Ta dube shi, ta ga abin ya wuce wasa. Sai ta jawo tabarma kusa, ta ce ita kanta shekarun nan tana ganinsa a gaban kwamfuta, amma bai taɓa gaya mata me yake yi ba. Ta ce ya manta da Turawa, ita zai gaya wa. Ya fara da ƙyar. Ya faɗi yadda ya sa haruffa suka daina rabuwa, yadda ya sa wasulla suka zauna a inda ya kamata, yadda ya sa manhajar ta iya tashi a tsohuwar kwamfuta irin tasa. Kafin ya ankara ya yi nisa, har da nuni da hannu, abinci ya huce. Ta ce to abin da ya gaya mata shi zai rubuta, kada ya ƙara, kada ya rage.

Ya ce wannan zai iya. Ɗayan ne ya tsaya masa a wuya.

"Wanne?"

"In ce ina so."

"To ba ka so ne?"

Ya ture kwanon gefe. "Ina so," ya ce. "Tun ba yau ba."

Washegari da hantsi ya rubuta ya aika, ya rufe kwamfutar kamar wanda ya yi abin kunya a kasuwa. Pindar ne ya fara mara masa baya, sai Baturken, sai waɗansu da bai san sun san da shi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi da ma ya ɗauka Ajimi ɗan gida ne tuntuni. Wannan maganar ta fi komai tsaya masa a rai. Kafin Sallah aka ba shi mabuɗi, sashen rubutun dama kuma ya zauna a hannunsa, ba a cire ba.

Ya yi murna, kada ku ce bai yi ba. Da la'asar ya fito ƙofar shago ya gaya wa maƙwabcinsa Gambo cewa mutanen nan da yake wa aiki sun karɓe shi cikinsu. Gambo ya ajiye allura ya yi hamdala, ya ce ai da ma ya san za a rina, mutum irin Malam ba ya ɓuya, dole wata rana manya su gani su kira shi.

Ajimi zai iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma ya ce, a hankali, "Ba su kira ni ba. Ni na nema."

Gambo ya sunkuyar da kai, ya ɗauki hularsa, ya shiga zancen tsadar zare, don ya rufa wa maƙwabcinsa asiri. Ajimi ya gane. Ya ɗan tsaya, sannan ya koma ciki, akwai katin suna da ake jira.

Yana nan a Dala har yau, mabuɗi a hannunsa, aikinsa yana tafiya. Sai dai wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar aiki ya yi tunanin yadda abin zai kasance da wata safiya ya buɗe kwamfuta ya tarar an rubuto, ba tare da ya roƙa ba, an ce Ajimi, shigo. Ku da kuka saurara, ku gaya mini: abin da mutum ya buɗe baki ya nema ya samu, daɗinsa ɗaya ne da wanda aka kira shi aka ba shi?