Sabis Ɗin da Ke Ɗaukewa da Kiran La'asar

Jama'a, salamu alaikum. Wannan abin da zan ba ku labarinsa ba a bakin wani na ji ba, ni ya faru da ni, kuma na rantse da Allahn da raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina da ɗan shago a nan Lafia, aikina haɗa wayifai da kyamarar tsaro a gidaje da ofisoshi. Da damina ne, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa. Ni kuwa a lokacin akwai ni da ji da kai, ina ganin duk Nasarawa babu na'urar da za ta gagare ni, in mutum ya ce abinsa ya ƙi gyaruwa dariya nake yi masa.

Wata Talata da hantsi wata mata ta sauka a okada a ƙofar shagona, Maman Terna ake ce mata, 'yar Tibi ce mai sayar da manja. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Oga Injiniya, abeg ka tashi mu je. Wayifai na gidan Hajiya yana yi wahala, Hajiya yana kuka kullum." A hanya ta yi mini bayani. Maƙwabciyarta ce, Hajiya Falmata, mijinta Alhaji ya rasu mako uku da suka wuce, tana cikin takaba. Ga mahaifiyarta, Iya, kwance a asibiti a Maiduguri, shanyewar ɓarin jiki, kunnenta ya yi nauyi ba ta jin magana a waya, sai dai in ta ga fuska ta gane. Akwai wata 'yar ƙanwar Hajiya da ke shiga wurinta da waya lokacin ziyara, ƙarfe huɗu zuwa shida, ta kira ta bidiyo don uwa ta ga 'yarta. To daidai wannan lokacin ne sabis ɗin gidan ke ɗaukewa, kullum, tun da aka yi rasuwar.

Gidan can bayan Shabu yake, a cikin wani kwari, inda ko kiran waya sai ka yi ta ɗaga hannu sama, balle bidiyo. Shi ya sa marigayin ya sa aka kafa masa eriya a kan dogon ƙarfe, aka haɗa abin da mu a sana'a muke cewa mesh. Wato uwa ɗaya ce a falo, ita ke karɓar sabis daga eriya, sai 'ya'ya biyu da ke karɓa daga wurinta suna miƙawa cikin gida, ɗaya a sashen Hajiya, ɗaya a ɗakin Alhaji. Ɗakin Alhajin kuwa a kulle yake da kwaɗo, makulli yana hannun ƙaninsa a Awe, an ce ba mai buɗewa sai ranar rabon gado.

Na gaida Hajiya daga bayan labule, na yi mata ta'aziyya, ta amsa da wata murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ɗana, ka taimake ni. So ɗaya nake so in ga Iya." Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramin aiki ne. Na leƙa ƙarƙashin uwar na ga faswod an manna da takarda, na shiga manhajar da wayata, komai lafiya lau, fitilu farare tas, gudu kamar me. Na ga 'yar da ke sashen Hajiya an ɓoye ta bayan firij, ga katangar gidan mai kauri, na ce to ga ɓarawon nan. Na fito da ita na ɗora kan kabad, na canza musu tasha don kada su riƙa karo da na maƙwabta, na sabunta musu manhaja, na karkaɗe hannuna na tafi ina jin kaina. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Maman Terna ta kira ni. "Oga, abu naka ya mutu again o."

Ran Laraba na ce ba zan motsa ba sai na gani da idona. Na hau sama na duba eriya, na bi kebul ɗin tun daga can har falo ko ɓera ya ci, na gwada inbata, wato na'urar da ke ba gidan wuta daga batir, ko wuta ce ke rawa, duk ƙalau. Zargina sai ya koma kan 'yar da ke kulle a ɗakin Alhaji, don wani lokaci in ɗaya ta lalace sai wayoyi su maƙale mata su ƙi sakin ta. Tun da ba halin shiga, na cire ta daga cikin mesh ɗin ta manhaja, na je allon wuta na sauke makunnin ɗakin gaba ɗaya, na sa wata tawa da na zo da ita a baranda. Sai na ja kujera na zauna a falo na zura wa uwar ido, Maman Terna tana gefe tana ɓare gyaɗa.

Wallahi tallahi, ladanin masallacin unguwar yana cewa Allahu Akbar na farko, fitilar nan ta koma ja. Ba ta ƙyafta ba, ba ta yi komai ba, kawai ta juye. Na duba wayata, sai na ga ba sabis ne ya yanke daga waje ba, eriya tana kawowa yadda ya kamata. Kowace waya a gidan an sa mata alamar dakatarwa, irin wadda mai gida ke dannawa in yana son hana yara hawa intanet. Na yi ajiyar zuciya, har na yi dariya, na ce ashe jadawali aka saita. Na shiga wurin jadawalin, wayam, ba komai. Na danna na saki wayar Hajiya, ta saku, ban ɗaga yatsana ba ta koma. Na sake, ta sake komawa. Sau bakwai ko takwas, kamar akwai wani a wancan ɓangaren muna ja-in-ja da shi. Nan fa tsigar jikina ta fara tashi, amma na dake, na ce wa kaina wani ne ke da faswod yake mana iskanci daga nesa. Ina jin kukan Hajiya a ɗaki, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ba ya son a ji. Sai da aka sallame magariba, mutane suka fara fitowa daga masallaci, fitilar ta koma fara da kanta, a lokacin kuwa tuni an kori masu ziyara a asibiti.

Na ba da shawara a fita da Hajiya bakin titi a mota, inda sabis ke kamawa, ai lalura ce, ko malamai ba za su hana ba. Ta ce, "Ko arba'in ba a yi ba. Ba zan taka ƙofar gidan nan ba, ɗana." Yadda ta faɗa, na san ba maganar da za a sake tayarwa ba ce.

Ran Alhamis da sassafe 'yar ƙanwar ta turo saƙo cewa jikin Iya ya yi tsanani, likita ya ce a sanar da 'yan uwa, kuma tun jiya ba abin da bakinta ke iya furtawa sai Falmata. Na zo gidan gabana yana faɗuwa. Wannan karon ban yi wasa ba, na sa tsinke na mayar da uwar yadda ta fito daga kamfani, na goge duk abin da ke cikinta, na ba ta sabon suna da sabon faswod wanda duk duniya ni kaɗai na sani, ko rubutawa ban yi ba. Wayata ce kaɗai ke da ikon taɓa ta. Na ce to yanzu duk ɗan iskan da ke mana wasa sai ya zo mu gani.

Wajen uku da rabi hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ladan bai samu fitowa a kan lokaci ba. Huɗu saura kwata ta wuce, lokacin da abin ya ɗauke jiya, fitila fara. Huɗu ta buga, fara. Na fara murna, na ce wa Maman Terna ta gaya wa Hajiya ta shirya. Sai 'yar ƙanwar ta turo saƙo cewa tana bakin get ɗin asibiti ana layi, a ba ta minti goma. Huɗu da kwata ruwa ya tsagaita, lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya gyara murya, Allahu Akbar. Ja.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni dai na san na'ura tana bin agogo, ban taɓa jin na'urar da ke jiran ladan ba. Zufa ta karyo mini duk da sanyin ruwan. Tsoro na ji, tsoro na gaske, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, don girman Allah, akwai wanda ya saba kashe abin nan da la'asar?"

Sai ta fito, ranar ce na fara ganinta, doguwar mata cikin hijabi har ƙasa, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Alhaji ne. Da an kira la'asar yake dannawa a wayarsa, ya ce daga nan har magariba lokacin Allah ne, ba na kallon waya ba. Ba ya saki sai ya dawo daga masallaci. Tun ranar farko na sani, na ji tsoron in faɗa a ce takaba ta taɓa mini kai." Na ce ina wayar tasa? Ta koma ta ɗauko ta a cikin wani ɗan kwalli, ta miƙa wa Maman Terna, ita kuma ta miƙo mini. A mace take murus, ko ɗigon caji babu, ta ce tun ranar jana'iza ba a kunna ta ba. Maman Terna ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ce, "Jesus. Oga, ni zan tsaya waje." Amma ba ta tafi ba, ta riƙe hannun Hajiya.

Na ce, "Hajiya, ni iyakar sanina ke nan, ba abin da ya rage in gwada." Kunya ta kama ni sosai da na faɗi haka. Ta wuce ta barandar har ƙofar ɗakin nan mai kwaɗo, ta durƙusa gwiwa biyu kamar yadda matan da ke yi in za su nemi izinin fita, ta sunkuyar da kai. Da kunnena na ji ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ban taɓa saɓa maka a kan wannan ba. Iya ce ba lafiya, yau kaɗai nake roƙo."

Daga inda nake tsaye ina hango falo. Fitilar ta koma fara. A take wayar Hajiya, wadda Maman Terna ta karɓo mini tun ɗazu, ta hau ruri a hannuna, kiran bidiyo daga Maiduguri. Ta juyo ta ba ƙofar baya, ban san lokacin da na ƙarasa na tsuguna a gabanta na riƙe mata wayar ba, fuskar wayar tana kallonta, ni ina bayan wayar, Maman Terna tana gefena. Hajiya ta fashe da kuka tana Iya, Iya, ga ni, ta juya harshe zuwa Barbarci, ina jin muryar tsohuwar tana fita da kyar. Sun kai minti ashirin, ko sau ɗaya hoton bai tsaya ba, ni da na san gidan nan na san ko da rana tsaka ba ya yin haka.

Dab da za su gama sai tsohuwar ta yi wata magana, na ga Hajiya ta ƙame, kukan ya tsaya cak. Yarinyar da ke riƙe da wayar a can ta ce da Hausa, "Anti, wai cewa take ki matsa ta gaisa da Alhaji, ga shi nan tsaye a bayanki." Ashe ba a gaya wa Iya rasuwar surukinta ba, an ɓoye mata saboda jikinta. Ni ina fuskantar bayan Hajiya, ba kowa a wurin sai ƙofa da kwaɗo. Ɗan ƙaramin hoton da ke nuna ɓangarenmu yana kusurwar wayar, juyo ta kawai zan yi in gani. Ban juyo ba. Hajiya ma ba ta waiwaya ba, ta ce, "Ki ce mata yana amsawa."

Washegari da hantsi Maman Terna ta kira ni ta ce Iya ta cika. Ta ce Hajiya ta ce a gode mini, ni kuwa na rasa godiyar me, don ba ni na gyara ba. Na san mamaci ba ya dawowa, haka aka karantar da mu, kuma malamin da na kai wa maganar ya ce in yi ta addu'a in bar bincike. Na bari. Kayana da na sa a barandar nan ma ban koma ɗauka ba, aikawa na yi aka kawo mini.

Shawarata gare ku, musamman 'yan uwana masu aikin hannu da ke shiga gidajen mutane, in aka kira ku gidan da aka yi rasuwa, kada ku faɗa wa kayan mamaci da gogewa da canzawa kamar yadda na yi. Ku fara tambayar yadda ya saba tafiyar da gidansa, ku yi masa addu'a, ku yi wa kanku. Ni dai har yau in kiran la'asar ya riske ni a gidan wani ina tsakar aiki, ajiye kayan nake in fita masallaci, kuma ba na yarda in kalli fitilar kafin in fita. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kyauta namu zuwan.