Ranar da Muka Watsa Tungar Su Sambo

Asabar: Birnin Kebbi zuwa Gwandu

Tun kafin kiran assalatu na ji hon a ƙofar gidana. Garba ne da baƙar jif ɗinsa mai baƙin gilashi, wadda yake kula da ita fiye da yadda yake kula da hawan jininsa. Mu bakwai muka shirya tafiyar, huɗu a motoci biyu, uku a kan manyan babura. Niyyarmu mu saki kwalta, mu bi hanyar shanu da ta amalanke, mu kwana a tanti, mu dawo ran Lahadi. Ni ba na tuƙi, bayana ma ba ya shiri da gargada. An ɗauko ni ne don na iya shayi da dafa-duka.

Dukanmu yawo ya fito da mu, ban da Sambo. Kakarsa Inna Kulu, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, tana wata 'yar tunga bayan Wurogauri. Wurin ba shi da wani nisa, amma damina biyu ke nan bai leƙa ta ba, kullum aikin banki ya sha masa kai. An aiko masa cewa ƙafafunta sun ƙi, ko tsakar gida ba ta fitowa. Ya sayo mata atamfa da goro da man zafi, ya kuma kafa mana doka.

"Kar wanda ya kira kawuna. So nike ta gan ni kwatsam."

Mun yi asuba a bakin hanya. Gari na wayewa muka iso shingen 'yan sintiri kusa da Kambaza. Suka sa Garba ya sauke gilashi, suka sa Faruku bakanike da sauran masu babura suka kware rawunansu. Babbansu ya leƙa bayan akori-kurar da ke ɗauke da kayanmu, ya ga tanti da tukwane, ya dube mu kamar waɗanda suka taɓu.

"Kuna da gidaje, kuna da mata, ku ce daji za ku kwana? To, Allah shi sawwaƙe. Duk garin da kunka isa dai, ku hwara gaida mai gari."

A Gwandu muka karya da masa da kunun tsamiya a gefen tasha. Daga nan muka yi sallama da kwalta. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani busasshen rafi, jif ɗin Garba ta nutse cikin yashi har ciki. Mutumin da ya kwana yana faɗa mana motarsa ko bango za ta hau, sai ga shi a durƙushe yana tonon yashi da farantin abincina. Da igiya akori-kura ta fizgo motar. Mun yi masa dariya har cikina ya ƙulle.

Yammacin Asabar: bayan Kambaza

Da la'asar muka zagayo wani ƙauye a bayan Kambaza, muka yi yadda aka ce mana. Motoci a nesa, fuska a buɗe, muka taka da ƙafa har zauren mai gari. Dattijon ya karɓe mu da fara'a, ya nuna mana gindin wasu tsamiyoyi, ya aiko da ƙwaryar fura da nono wadda har yau ban sha irinta ba. Amma muna ban kwana ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai.

"Kun kyauta da kunka biyo ta nan. Mutanenmu yanzu da takalmi suka kwana."

Na san ana fama da ɓarayin daji a wasu wurare, wa bai sani ba? A rediyo dai nake ji. Ban taɓa tunanin mutum zai kwanta da takalmi a ƙafa cikin ɗakinsa ba. Na gasa nama, na zuba shayi zagaye uku, aka kwanta da wuri. Sauro ne kawai ya dame mu.

Lahadi: daji, Kalgo, Wurogauri

Da sassafe muka naɗe tantuna muka ratsa daji yamma. An gama girbi, gonaki duk kara, hanya kuwa garin ƙasa ce tsantsa. Ƙurar da motar gaba ke tayarwa ta sa kowa ya naɗe fuska da rawani, ya ɗora baƙin tabarau. Sambo ya karɓi babur ɗin wani don ya ja gaba, tunda shi ya san hanya. A Kalgo muka sha mai, muka sayi burodi da rake, muka wuce.

Da muka bar Wurogauri, Faruku ya tsayar da mu a kan wani tudu da ake hango rumbunan tungar.

"Mu aje motoci nan mu taka, kamar jiya."

Sambo ya yi dariya. "Jiya baƙi muke. Nan gida na. Wa zan gaida, ni da anka yanke ma cibi cikin garin ga?"

Ban ga laifin maganarsa ba a lokacin, babu kuma wanda ya gani. Garba ma cewa ya yi a shiga da armashi, tsohuwa ta san jikanta ya zama mutum. Babura uku suka fizga a guje, motoci biyu a baya, ana ta hon. Salansar babur ɗin Faruku ta fashe tun jiya, tana ta harbi tau-tau kamar bindiga.

Tungar su Sambo

Muka tsaya a dandali, ƙura ta lafa, aka kashe injuna. Babu kowa.

Turmi na nan da gero a ciki, taɓarya a ƙasa. Tukunya na tafasa a kan murhu tana zuba. A ƙofar masallaci akwai buta a kife, ruwanta bai gama tsiyayewa ba. Wata rediyo tana ta magana ita kaɗai a kan tabarma. Can a bakin hanyar fadama na hango zanin goyo a yashe, da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Na waiwaya na dubi abokaina, fuskoki a naɗe, baƙin tabarau, baƙar mota, babura. Sai a lokacin na ga abin da mutanen garin suka gani.

Sambo ya ce, "Inna ba ta iya tahiya." Ya yar da babur ya ruga, ko rawanin bai tuna ya cire ba. Na bi shi.

Tana zaune a kan tabarma a ɗakinta, ta fuskanci gabas. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idanunta sun yi fari-fari. Ga buta a gefenta, hannayenta da danshin alwala. A kan cinyarta akwai farin ƙyalle a ninke, ta dafe shi da hannu biyu. Ta ji takunmu, ta ga inuwar mutum mai naɗaɗɗiyar fuska a ƙofa, ba ta ko motsa ba.

"Ba kowa gidan ga sai ni," in ji ta. "Shanu ba mu da su. In kun gama, ga likkahwanina nan, ku ruhe ni da shi. Shi kaɗai nika roƙo."

Na taɓa zuwa jana'iza ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin abin da ya kaɗa ni kamar wannan murya ba. Babu rawa a cikinta ko kaɗan.

Sambo ya fizge rawanin, ya zube a gabanta. "Inna, ni na. Sambo na."

Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta bi goshinsa har ta taɓo wani tsohon tabo.

"Mijina na?" Haka take kiransa tun yana ƙarami, irin wasan kaka da jika. "Kai na ka kore min gari?"

Sambo ya kifa kai a gwiwarta yana kuka, ƙato da shi. Ni na fita waje don ban iya tsayawa ba.

Garba ne ya karɓi wayar Sambo ya kira kawun nasa, Dikko. Sai da aka kira sau da yawa kafin ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa, don a cikin ruwan fadama yake har ƙirji da 'ya'yansa. Bai yarda ba sai da aka kara wa Inna wayar a kunne. Kafin azahar mutane suka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya, taɓo har wuya, ƙaya a ƙafafu. Wata mata ta zo ta ɗauki zanin goyon nan, ta wuce mu ba ta ko kalle mu ba. Abincin da aka bari a wuta duk ya ƙone.

Kawu Dikko bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce ya durƙusa zai goya Inna, ta ƙi hawa, ta ce ya kwashi yara, ta sa ya miƙo mata ƙyallen daga kan gado kafin ya fita.

"Na baro uwata na gudu, Sambo. Don kai. Da mi zan dube ta?"

Muka bi gida-gida muna ba da haƙuri, fuska a buɗe, takalmi a hannu. Muka sauke shinkafa da mai da duk abin da ya rage mana, na ɗora babbar tukunya na yi wa yara dafa-duka. Wasu sun ci, wasu sun ƙi.

Da la'asar Sambo ya shiga ban kwana, ya kai mata atamfa da goro. Ta shinshina goron, ta ce ya yi kyau. Ya ɗauki likkafanin zai mayar kan gado, ta riƙe hannunsa.

"A'a. Tahi da shi, shi zamna wurinka. Ran da anka neme shi, dole ka zo da kanka. In kana so, ka riƙa leƙowa kana ganin ko lokaci ya yi."

Komawa gida

Mun bi kwalta daga Kalgo, gilashi a sauke, babu mai hon. Garba ko rediyo bai kunna ba. Ana kiran magariba muka shigo Birnin Kebbi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya, ya kuma sa ba a rasa rai ba saboda wautarmu. Ina gode wa mai garin bayan Kambaza da furarsa, da mutanen tungar da suka amsa gaisuwarmu, har da waɗanda suka ƙi amsawa, don suna da gaskiya.

A ƙofar gidan Sambo aka sauke masa jakarsa. Matarsa ta fito tarbarsa, ta miƙa hannu za ta karɓi farin ƙyallen da ya rungumo tun daga tunga, tana tambaya ko tsaraba ce. Ya ce mata a'a, ajiya ce, kuma ta tashe shi da asuba ran Asabar mai zuwa, motar haya zai bi ya koma wurin Inna.