Malam Tsaya

Mijina ya tsufa yana koyar da falsafa a jami'a, amma a sashen nasu ba mai kiransa da sunansa. Malam Tsaya suke ce masa, har masu shara.

A wurinsu, ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri sai ya fara yin zango guda yana karatu a ƙarƙashin wani malami. Sauran malamai su zaɓa wa yaro littattafai, su ce ya dawo idan ya gama. Shi kuwa nawa gwanin, a'a. Sai ya zaunar da ɗalibi a ofishinsa mai fanka mai ƙara, ya ce ya karanta da baki. Ya jingina da kujera ya rufe ido. Ana cikin tafiya sai ka ji, "Tsaya. Koma baya." Cewa yake yi muryar mutum tana canzawa idan ya iso jimlar da bai gane ba, ko wadda bai yarda da ita ba. Ko ni ban tsira ba. In ce masa cefane ya ƙare, ya ce in koma baya.

Haka yake tun yana saurayi, da idonsa garau. Shi ya sa da idon ya soma tafiya, ba wanda ya lura sai ni. Ni nake ɗiga masa magani, ni nake raka shi har bakin matakalar sashensu kamar mai zuwa gaisuwa. Likita ya ce ba gyara. Na ce ya ajiye aiki mu huta, ya ce, "Maman yara, bari in fitar da wannan yarinyar tukuna. Ita ce ta ƙarshe."

Yarinyar kuwa akwai kai, ba zan ci haƙƙinta ba. 'Yar Gardama yake kiranta, don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Abin da take son rubutu a kai shi ne, idan an gaya wa mutum abu bai gani da idonsa ba, shin ya sani ne ko kuwa ya yarda ne kawai. Malam ya so batun nan kamar me. Idan ciwon ƙafa ya hana shi fita, gida take zuwa. Ta zauna a falo ta yi ta karatu, shi kuma ya yi ta tsayar da ita. Wani lokaci shafi ɗaya su wuni a kansa. Ina kicin ina jin ta tana cewa, "Malam, wallahi na gane," shi kuma yana cewa, "To faɗa mini da bakinki, rufe littafin." In kawo mata abinci ta ce, "Mama, kin gan shi ko?" mu yi dariya.

Ashe dariyar ba ta kai ciki ba. Abokan karatunta duk sun fara rubutu, wasu har babi na biyu, ita ko alƙalami bai bari ta ɗauka ba. Wata rana ta miƙa masa littafi ta nuna masa wani layi da yatsa, ya karɓa ya yi ta kallon ɗaya shafin. Ina tsaye a wurin. Na ga fuskarta, na san ta gane.

Ba ta zo ta same ni ba, ni da take ci daga hannuna. Wurin shugaban sashe ta tafi. Kafin mako ya zagayo an kira Malam, an yi masa magana mai daɗi irin wadda ake yi wa mara lafiya, an mayar da ita hannun wani matashin Dakta. Shi Daktan ma a ofishin nan, kan wata kujera mai ƙafa ɗaya gajera, ya yi nasa karatun a gaban Malam, amma ko leƙowa bai yi ba.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Malam ya ce, "Tsoro ta ji, lokaci yana ƙure mata." Wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Ya kwashe littattafansa ya dawo gida, ya zauna kusa da taga. Kullum aka taɓa ƙofa sai ya gyara zama.

Ta gama, ta fita da sakamako mafi kyau a ajinsu. Ba ta zo ba, sai dai ta aiko da kundin, mai baƙin bango, an rubuta sunanta da ruwan zinariya. Malam ya yi ta shafa bangon kamar kan jariri. Ya ce in karanta masa, daga farko, kada in tsallake komai.

Na buɗe shafin godiya. Ta gode wa iyayenta, ta gode wa Dakta da shugaban sashe, da ƙawayenta na ɗaki, har da mai shagon da ya buga mata aikin. Idona ya riga bakina isa ƙarshen shafin, na ga babu shi. Sai kawai na ci gaba da karatu, na ce, "Da kuma Malamina na farko, wanda ya koya mini yadda ake karatu."

Na ɗauka na iya. Ban yi tuntuɓe ba, ban ja numfashi ba.

Ya jingina da kujera, idonsa a rufe, kamar yadda yake yi a ofis.

"Tsaya," ya ce a hankali. "Koma baya."

Na koma. Na karanta masa abin da ke kan takardar, tun daga iyayenta har zuwa mai shago. Ya gyaɗa kai, ya ce in wuce babi na ɗaya.