Waƙar da ke cikin wayar Baba

Ni na saya wa Baba wayar, shekarar da likita a asibitin Bodinga ya ce hawan jini ya kama shi. Ina koyarwa a firamare a nan Bodinga inda nake aure, shi kuma yana Danchadi, kullum tsakanin gida da fadamar albasarsa. Nufina idan maganinsa ya kusa ƙarewa ya kira ni, ba sai ya jira mai babur ya kawo saƙo ba.

Da farko lafiya lau. Daga baya Baba ya fara ƙorafin wayar tana cin kati. Sai in tura masa, ya kira sau ɗaya ya tambayi jikokinsa, kafin mako ya zagayo babu komai a ciki. Kuma Baba ba mai dogon zance ba ne. Gaisuwa, amin, ya kashe.

"Wagga waya taki ta ɗara akuya ci," in ji shi. "Akuya dai in ta ci, a ga jiki."

Na san abin da ke cin katin. Wata rana na kira shi, maimakon ƙarar da aka saba ji sai kiɗa ya tashi, wata yarinya mai zaƙin murya ta shiga gaya wa masoyinta cewa ta kasa cin abinci saboda shi. Na kashe, na duba lambar, na sake kira. Ita ce dai, har yanzu ba ta ci ba. Ana cikin haka Baba ya ɗauka ya yi sallama.

Ashe kamfanin waya kan turo saƙon tallan waƙa, Baba kuma sai ya yi ta danne-danne don rubutun ya kauce ya ga lokacin salla. A haka ya sayi waƙar. Duk mai kiransa yana ji, shi kaɗai ne bai taɓa ji ba, tunda mutum ba ya kiran kansa. Kowane mako ana cire kuɗinta.

Matsalar ita ce wa zai faɗa masa. Baba ne ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kira, balle in zauna gabansa in yi masa bayanin yarinyar da ta kasa cin abinci. Na sami Inna, mahaifiyata, a madafa na tayar da zancen. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

"Ni ban cikin wagga magana," ta ce. "Ke kis sawo ta."

Na gwada rabuwa da waƙar a ɓoye. Na karɓi wayar da sunan zan goge mata ƙura, na kira kamfanin. Wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, ta gode mini da haƙurina, layin ya yanke.

Da rani maganinsa ya ƙare. Ya ɗauki waya zai kira ni, babu kati. Baba ba ya roƙon wayar wani, sai ya ci gaba da ban ruwa babu magani. Bayan 'yan kwanaki jiri ya ɗebe shi a fadama, ya zauna cikin albasa ya kasa tashi. A kan babur aka kawo shi Bodinga, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana riƙe da shi. Na tarar da shi a kan bencin asibiti, hularsa a karkace, tafin ƙafarsa duk laka.

Aka ba shi magani, ya ɗan dawo hayyacinsa. Wani malamin asibiti ya ce a ba shi lambar Baba don ya riƙa tuna masa ranar dawowa. Na karanta masa, shi kuma ya kira don ya tabbatar, wayarsa a buɗe kowa na ji. Yarinyar ta fara.

Baba ya dube shi. "Malam, waƙa kaka ji wurin aiki?"

"Baba, ai taka ce. Duk wanda ya kira ka ita yake ji."

Wayar Baba tana ta ruri a aljihunsa, bai ɗauka ba. Ya saurari waƙar har inda ta yanke. Sannan ya juyo gare ni, ni kuwa ina duban siminti.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka, Baba."

"Liman ya ji?"

"Ya ji."

Sai ya ce, "Shi yas sa kullum yaka yi man nasiha kan tsufa."

Malamin ya sake gwada jininsa, ya ce mu ƙara zama tukuna.

Da aka sallame mu, Baba ya ce ba gida za shi ba. Muka je shagon wani mai gyaran waya kusa da tasha. Mutumin ya danna wasu lambobi, ya ce an cire. Baba ya tambaya ko za a maido masa abin da aka ci. Mai shagon ya ce ba a maidowa.

"To ita yarinyar, ana ba ta wani abu ciki?"

"Allah ne masani, Baba."

"In ana ba ta, na yahe, ta sai abinci. In kamfani na, mu gamu gaban Allah."

Tun daga nan kati yana daɗewa, magani bai sake yankewa ba. Sai dai da na je Danchadi bayan cirar albasa, na tarar da shi a zaure, wayar a gefen tabarma. Ya ce a da, samarin gari sukan kira shi safe da yamma, kafin ya ɗauka sun kashe, yakan ɗauka gaisuwa ce ta marar kati. Yanzu ko ɗaya.

"Zumunci ya yi ƙaranci," in ji shi.

Na ce haka zamani ya zama, Baba. Na tashi na shiga wurin Inna.