Hannun Baba a Cikin Buhun Wake

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isufu, manomin wake a wani ƙauye kusa da Cadakori. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba, sai wata tafiya ta tilasta mini.

Ina jiran jirgi a Yamai, sai na ga ɗaliban jami'a sun baje bincikensu a zauren matafiya, kowa ya taɓa ya gwada. A wani teburi an ajiye buhun wake biyu, da na'urar da ake sawa a kunne a ji ƙwari suna ci daga ciki. Matafiyi zai fara canka buhun da ya kamu, sannan na'ura ta raba gardama.

Baba ba ya canka. A kasuwar Gidan Rumji yakan naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya rufe ido. In ya ji ɗumi a tsakiya sai ya ce, "Wanga ya kamu, a shanya shi yau." Ni kuwa ɗan lakol, mai karatun boko, kunya nake ji, in koma gefe kamar ban san shi ba. Sau da yawa ya kira ni in gwada, na ƙi. Tun da ya rasu nake jin ciwon cewa abin ya bi shi kabari, kuma laifina ne.

A gaban teburin ɗaliban nan, ban san sa'ad da na tuɓe agogo na naɗe hannun riga ba. Buhun farko sanyi kalau. Na biyu kuwa, can ƙasa, ga ɗumi kamar na jikin kaza. Na'ura ta gaskata ni.

Ɗalibar da ke wurin ta ce, "Kawu, wa ya koya muku wannan? Irin dattawan nan malaminmu ke nema. Ina za mu same shi?"

Na ce mata mahaifina ne, kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Da yana nan, na san zai sa na'urar a kunne, ya yaba wa yaran, sannan ya zura hannu don ya tabbatar. Ina kewarsa ƙwarai. Na ƙi koyo, amma ashe duk tsayuwar da nake yi a gefe ina kallo, yana koya mini. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini kunyar da na ji.