Gorar da Na Ce Maganin Ƙura Ce

Matata ta ba ɗiyarmu giya kwana biyar, cokali-cokali, tana zaton magani ne. Ni na ce mata magani ne. Yarinyar tana da shekara biyu a lokacin.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina ne ke rubuta wannan, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini komai. A wancan lokaci ina zaune a wani ƙauye kusa da Yargalma, a ƙasar Bukkuyum, ni da matata da Inna mahaifiyata da ɗiya ɗaya. Noma na gada, amma da zinare ya fito sai na jingine fartanya. Mukan haƙo dutse a daji, mu kawo gida a buhu, mu farfasa a tsakar gida, a kai inji a niƙa. Ƙura ko'ina, har cikin tukunyar miya. Kuɗi na shigowa, ba wanda ya damu.

A bakin rami na haɗu da wani baƙo da ya taɓa aiki a otal a wani babban birni. Shi ya fara ba ni bodka. Giya ce fara kamar ruwa, warinta kaɗan. A galan ɗin man inji ake kawo masa ita, don a wurinmu in an kama ka bulala ce a bainar jama'a. Ranar farko na kurɓa zalla, na yi ta tari, ya yi ta dariya yana cewa ɗan ƙauye ko daɗi bai iya ji ba. Sai ya koya mini haɗin. Ƙaramin kofin shayi shi ne ma'auni. Biyu na bodka, ɗaya na ruwan lemun tsami da aka matse a lokacin, ɗaya na sukarin da aka narkar a ruwan zafi ya huce. In akwai ƙwai a tsiyaya farinsa a ciki. A zuba a gora mai murfi, a girgiza har hannu ya gaji, kumfa ta taso. Ya ce a otal da ƙanƙara ake yi. Mu ba mu da ita sai an je Anka, don haka nakan naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma in ajiye a gindin randa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini daɗi. Tsami da zaƙi suna rufe zafin, kana sha kamar lemo, ciwon baya ya tafi.

Na fara haɗawa a gida, a ɗakina. Wata rana matata ta same ni ina matsa lemun tsami, ta tambaya. Ban ko yi tunani ba na ce maganin ƙurar dutse ne, masu haƙa suna sha yana wanke ƙirji. Na jefa guntun saiwa a gorar don ta yi kama da jiƙo. Ta yarda. Me zai hana ta? Kowane namiji a garin yana da gorar jiƙonsa. Har ita ke tuna mini in na manta, ta ce Malam yau ba ka sha maganinka ba. Inna ma takan ce Allah ya yi wa mai maganin nan albarka, tunda na fara sha na daina yi wa mutane tsawa.

Sai yara suka fara mutuwa. Ciwon ciki, amai, kuka ba tsayawa, sai jijjiga, sai a tafi maƙabarta. An ce iska ce, an ce zazzaɓi ne. Daga baya likitoci suka zo suka ce dalma ce, tana cikin ƙurar dutsen da muke niƙawa. Suka ce duk yaron da ya nuna alama a kawo shi, mota za ta kai shi asibitin Bukkuyum tare da uwarsa. Ina ji, amma tawa ɗiyar tana wasa, na ɗauki buhuna na koma daji. Kwana huɗu na yi a can.

Da na dawo na tarar gidan shiru. Matata ta tare ni da murna. Ta ce tun ranar da na tafi yarinyar ta fara kuka da amai, ta rasa yadda za ta yi. Sai ta tuna likitoci sun ce ƙurar dutse ce, ga kuma maganin ƙurar dutse a gindin randa. Ta ba ta cokali biyu, yarinya ta yi barci. Duk lokacin da ta tashi da kuka sai ta ƙara mata. Motar asibiti ta zo shekaranjiya, ta ce musu tata ta samu sauƙi, su ɗauki waɗanda suka fi bukata. Tana faɗa tana kallon fuskata, tana jiran in yaba mata.

Na ɗaga gorar. Ta ragu sosai. Na shiga na duba yarinyar, tana kwance jiki sake, ido rabi a buɗe, bakinta na ƙamshin lemun tsami. A nan ya kamata in yi magana. Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ce in gode wa Allah da ya ba ni mace mai hankali. Na tuna bulala, na tuna masallaci, na tuna idon Inna. Abin da na ce kawai shi ne maganin na manya ne, kada a ƙara ba ta. Na fita bayan gida na zubar da sauran. Na ce a raina gobe in ta warware zan kai ta asibiti da kaina, ba wanda zai sani. Abin da ban sani ba, matata ta riga ta ɗibi nata a wata 'yar kwalba ta ɓoye. Ta ɗauka rowa nake yi don maganin yana da tsada. Ta ga yana aiki da idonta, ni kuma ban ba ta wani dalili ba. Ta ci gaba da bayarwa.

Washegari da hantsi ina gyaran babur na ji ihu. Yarinyar ta sandare, ido ya juye, kumfa a baki. Matata ta goya ta muka hau babur. An yi ruwa, hanya duk laka. Sau biyu muna faɗuwa. A wani rafi na sauka na tura babur ruwa har gwiwa, ita tana bayana tana kiran sunan yarinyar, tana cewa Malam yi sauri, ta daina motsi. Ban taɓa roƙon Allah kamar ranar ba. Na ce ya ɗauke ni ya bar ta.

A asibiti wani ma'aikaci ya karɓe ta, ya tambaya ko an ba ta wani abu a gida. Matata ta ciro 'yar kwalbar daga bakin zane ta ce maganin babanta ne. Mutumin ya shinshina, ya dube ni. Ya ce in faɗa masa abin da ke ciki yanzu, don da shi za su san abin da za su yi mata. Ɗakin cike da mata da yara, rabinsu 'yan garinmu. Na ce lemun tsami ne da sukari. Ya ce da me? Na ce da giya. Matata ta ce me ka ce? Na sake faɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta duba hannunta na dama, ta zauna a ƙasa.

An ceto ran yarinyar. Sun yi makonni a asibiti ana ba ta maganin fitar da dalma. Na tambayi likita wanne ya lalata ta, dalmar ko abin da na haɗa. Ya ce dalmar ta yi yawa a jininta, giyar kuma ta rufe alamun har aka makara. Na sake tambaya, da ta shiga motar farko fa? Ya ce wannan Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya kai ni ƙara. Garin yana cikin makoki, ba mai lokacina. Inna ta ji a bakin mata. Ta ce mini abu ɗaya, wai ta yi wata da watanni tana sa wa giya albarka da bakinta. Ta rasu bayan shekara biyu. Kafin ta rasu ta ce ta yafe, amma ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Ban ƙara sha ba. Ba na neman a yaba mini. Shan laifina ne, tsakanina da Ubangijina. Abin da ya ci ɗiyata sunan da na ba gorar ne, da shirun da na yi yini ɗaya bayan na gani. Ku maza masu ɓoye abu a gida, ku sani matar da ta yarda da ku za ta yi aiki da maganarku ranar da ba ku nan. In kun kira guba magani, za ta ba wanda ta fi so. In kuma abin ya riga ya faru, ku faɗa a take, ko a gaban wa. Bulala tana warkewa. Yaro in ya yi ciwo a kai shi asibiti, barci ba sauƙi ba ne.

Yanzu ina Gummi, ina noman albasa a fadamar wani. Yarinyar ta shekara goma. Tana tafiya, tana dariya, ba ta magana, ba ta iya cin abinci da kanta. Matata ba ta nemi saki ba, muna gida ɗaya, tana yi mini tuwo. Amma ko ruwa ne a kofi, in na miƙa wa yarinyar, sai ta karɓa daga hannuna ta zubar, ta ɗebo wani da kanta.