Wayar Lado Ba Ta San Kunya Ba

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Lado na Gubuchi, sarkin kasko, gwamnan tuƙar rake, mutumin da ƙudan zuma suka fi 'yan siyasa sanin ƙofar gidansa. Shi ne wanda in ya sauke mazarƙwaila tsofaffi suke tuna haƙoransu da kewa. Ba a taɓa naɗa masa rawani ba, ba a taɓa kiransa taro a sakatariya ba, amma daga Makarfi har Kudan in ka ce Lado mai mazarƙwaila za a nuna maka hanya, wani ma ya ce ka taho masa da guntu.

A cikin rake aka haife shi, a cikin rake ya yi furfura. Yana yaro doki ne ke juya abin matsewa, shi kuma yana bin dokin da tsumagiya. Yanzu inji ne ke yi, shi kuma yana bin injin da addu'a. Gajere ne, hannuwansa duk tabon ƙuna, don ruwan rake in ya tafasa ba ya tambayar wa ke kusa. Abu biyu aka san shi da su bayan sana'a. Na farko, ba ya katse mai magana, ko da mahaukacin kasuwa ne. Na biyu, bai taɓa faɗin sunan ɗansa na fari ba.

Wannan na biyun ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a bari a ga idonka a kansa. Sunan yaron Ja'afar, amma a bakin Lado shi ne "wancan", in abin ya yi tsanani "yaron nan". Matarsa Zulai ma haka ta taso, sai dai ita takan saci hanya, ta ce "mai sunan Malam". Haka Ja'afar ya girma, ya yi gemu, ya ga rake ba zai kai shi inda yake so ba, ya bi abokai zuwa haƙar zinare can bayan Agadas. Ranar da zai tafi Lado ya ce akwai kasko a wuta, ya ba hanya baya. Waɗanda suka gani sun ce kaskon nan babu komai a cikinsa.

Bayan damina ta zagayo sai ga saƙo: waya babba, mai shafawa. Ja'afar ya riga ya buɗe wa uban shafi a manhajar nan ta gajerun bidiyo, ya haɗa shi da nasa, don duk abin da ya ɗora ya iso Gubuchi. Kira daga can sai an hau tudu, sai an yi sa'a, amma bidiyo yakan samu ya ɗora in sun shigo gari sayen ruwa.

To ga inda aka samu matsala. A gidan Lado babu sabis ko na rantsuwa. Wurin da waya ke kamawa shi ne bencin Ɗayyabu mai caji, a bakin titi, inda 'yan acaɓa da masu jiran mota da marasa aikin yi suke taruwa. Nan Lado yake zuwa bayan la'asar, ya gaisa da kowa har da tambayar gajiyar shekaranjiya, ya zauna, ya buɗe waya. Abu na farko da ke fitowa fuskar Ja'afar ce, da rawanin buzaye, yana dariya, yana nuna rami.

"Baba Lado, ga ɗanka!" in ji 'yan benci.

Kafin su rufe baki babban yatsan Lado ya share shi sama. Fuska a murtuke, kamar an nuna masa takardar haraji. Amma a wannan ƙiftawar ya riga ya gani: kumatu sun ciko, ido garau, hannu biyu, ƙafa biyu. Ya ishe shi. Ya koma gida Zulai ta tare shi da ido, shi kuma yana cire takalmi ya ce wa bango, "Wancan dai yana cin abinci."

Abin da ke biyo bayan Ja'afar kuwa ba a san shi ba. Wata rana akuya mai rawa, wata rana dambe. Rannan sai ga hoton wani dattijo, an sa karatu a ƙasa, murya tana cewa Allah ya yi masa rasuwa. Lado bai san shi ba, bai san garinsu ba, amma musulmi ne ya mutu. Ya ajiye yatsa, ya tafa hannu, ya fara addu'a. Bidiyon gajere ne, addu'ar Lado doguwa ce, don haka hoton ya ƙare ya sake farawa, ya ƙare ya sake farawa, har ya shafa.

Shi a wurinsa ya sauke hakki ne. Ita waya ba haka ta ɗauka ba. A bayan gilashin nan akwai wani inji da ba ya gyangyaɗi, aikinsa kawai ya ga inda yatsanka ya tsaya da inda ya yi sauri, nan take ya canza abin da zai miƙo maka. Bai san Gubuchi ba, bai san ɗan fari ba. Abin da ya gani shi ne: wannan bawan Allah ba ya son saurayi mai rawani, ko kallonsa ba ya iya yi, amma yana mutuwar son mutuwa.

Kafin a gama yankan rake wayar Lado ta zama zaman makoki. Rasuwa daga Funtuwa, rasuwa daga Maraɗi, haɗarin mota, jana'izar wani a wata ƙasa da ko harshensu ba ya ji. Kowanne ya samu addu'arsa cikakkiya. 'Yan benci suka sa masa limamin waya. Ja'afar kuwa ya fara jinkirin fitowa, daga farko ya koma tsakiya, daga tsakiya ya koma sai an yi ta shafa, daga nan shiru.

Lado ba zai iya tambaya ba. Ya za a yi ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ina ɗana? Sai da Zulai ta gaji ta aika a kira Shamsuddeen ɗan acaɓa, mai ba ku labarin nan, wanda ke ɗaukar masa kaya zuwa kasuwar Makarfi.

"Shamsu, duba mana wayar nan," in ji ta daga bakin ƙofa. "Mai sunan Malam ya daina zuwa."

"Inna, Baba ne ya kore shi."

"Kai, ja'iri," in ji Lado, "ni na kori wa?"

"Kullum ya leƙo ka share shi kamar ƙuda a kan mazarƙwaila. Waya ta ɗauka gaba kuke yi."

"Ita wayar ba ta da iyaye ne?"

Shamsu ya tafi da ita bakin titi, ya rubuta sunan, ya shiga shafin Ja'afar kai tsaye. Nan raha ta ƙare. Ashe ba ɓoyewar injin ba ce kaɗai. Bidiyon ƙarshe tun kafin azumi ne, bayansa babu komai. An gwada lambarsa, a kashe. An gwada ta abokin tafiyarsa, wata mata ta ɗauka da wani yare ta kashe.

Shamsu ya so ya yi abin kirki, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya riƙe wayar tun da safe yana share mamata da gudu, yana tsayawa a kan dambe da girke-girke da wani biri mai tuƙa keke, don dai tsohon ya huta da ganin likkafani. Abin mamaki, kafin azahar wayar ta warke. Ya mayar da ita yana jiran godiya.

Lado ya shafa, ya shafa, ya ɗago. "Ina mutanen?"

"Waɗanne, Baba?"

"Waɗanda ake sanarwa."

"Na sallame su. Yanzu sai nishaɗi."

Tsohon ya daɗe yana kallon birin. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, "In wani abu ya samu mutum a can, ta ina za a ji?"

Ba wanda ya yi dariya a bencin. Kafin magariba mamatan sun dawo, don bai fi ɗaya ya gifta ba Lado ya tsaya masa, injin kuwa ba ya buƙatar a faɗa masa sau biyu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, benci cike. Bidiyon jana'iza ne a wani fili mai duwatsu, ba bishiya ko ɗaya, an ce rami ne ya rufta da wasu masu haƙa. Gawa a gaba, mutane sun yi sahu. Mai ɗauka yana bin sahun da waya. A sahu na baya, kusa da ƙarshe, wani ya tsaya ya karkata kafaɗar hagu, yadda mai bin doki da tsumagiya yake karkatawa, yadda Lado kansa yake tsayawa. A tsaye yake. Yana numfashi.

"Kai! Wannan ba..." in ji Ɗayyabu, yana leƙowa ta kafaɗarsa.

Yatsan Lado bai nemi shawararsa ba. Abin da ya saba yi shekara da shekaru shi ya yi, ya share. Da ya gane abin da ya aikata sai ya rikice, ya danna nan, ya danna can, manhajar ta rufe. Ya sake buɗewa, wata tsohuwa ce ta rasu a Zariya. Ya yi mata addu'a, ya sa wayar a aljihu, ya ce ya bar kasko a wuta.

Sai washegari ya iya ce wa Shamsu, a bayan injin matse rake inda ƙara ke rufe magana, "Akwai wani abu da na gani jiya." Shamsu ya shiga jerin abubuwan da aka kalla, ya bi makoki bayan makoki har ya iso wurin. Baƙi ƙirin. An cire bidiyon, ko wanda ya ɗora ne ya goge, ko masu manhajar ne, babu mai faɗa maka.

"Shi ne?" in ji Zulai da ya shiga gida, don labari ya riga shi isowa.

"Kafaɗar dai tasa ce."

"Fuskar fa?"

"Ban tsaya ba."

Ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Tun daga ranar Lado ya canza yadda yake kallo. Har yanzu yana yi wa na gaba addu'a, amma idonsa yana kan na baya. Yana bin sahu mutum-mutum, yana kusanto da gilashin har hancinsa. Injin ya ga haka ya ji daɗi, ya ƙaro masa jana'iza daga ko'ina. Mazarƙwaila ta ƙone masa a kasko, abin da bai taɓa faruwa ba tun zamanin doki.

Rannan ya ƙulle manyan dunƙulen mazarƙwaila masu kyau a leda, ya sa hularsa ta Juma'a, ya samu Shamsu a bencin. "Kai ni ofishinsu."

"Ofishin wa, Baba?"

"Masu wayar. In gaishe su, in yi musu bayani. Ba ƙin yaron nake yi ba. Ai in babba ya ji zai gane."

Shamsu ya kashe babur. Ya gyara murya, don ya taɓa kallon wani yana bayanin abin, kuma ya daɗe yana neman inda zai sauke shi. Ya ce babu babba, babu ƙaramin da za a ba goro ya shigar da kai. Ya ce wani daga cikin irin injinan nan ma sunan da masu shi suka sa masa monolit, kalmar Turawa ce, asalinta dutse guda ɗaya tal, ƙato, ba gaɓa ba tsaga, daga baya suka riƙa kiran duk wani abu da ya yi girman da ba ya lanƙwasa da ita, ko hukuma ce ko inji. Ya ce abin dariyar shi ne wannan dutsen yana jin motsin yatsanka kafin ka ɗaga shi, amma ba shi da ƙofar da za ka tsaya ka yi sallama. Ya ce mutane miliyan nawa yake kallo a lokaci guda, kuma a wurinsa da Lado da wani yaro a Sin duk yatsu ne. Ya yi bayani har 'yan benci suka fara gyaɗa kai, shi ma ya fara jin ashe da ya ƙarasa makaranta da an ga abu.

Lado ya riga ya zauna, ledar a cinyarsa, wayar a gaban hancinsa. Bai ɗago ba.

"To, Allah ya ƙara ilimi," ya ce. "Yi min shiru, ban gama duba sahun baya ba."